Daga Jibiya Zuwa Cadakori: Masu Gudu Da Masu Saukar Baƙi

Tafiyar Maradi daga Katsina ba wata doguwa ba ce, shingayen hanya ne ke ƙara mata tsawo. Mun bar tasha da hantsi cikin wata tsohuwar mota da aka cika maƙil da mutane da katan-katan na taliya, kafin mu kai Jibiya direba ya gaji da sauke gilashi yana miƙa gaisuwa. Can gefe ana hango aikin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maradi da aka ƙaddamar a 2021, an tara jar ƙasa tudu-tudu. Kakar 2024 ce ta wuce, an gama yankan gero, hunturu ya fara busowa. Iyakar ma ba ta daɗe da buɗewa ba, tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 take a rufe, sai a watan Maris aka sake ta.

Wani abokina ɗan kasuwa a Maradi, mai harkar gyaɗa da wake, shi ya daɗe yana ce mini in zo in ga "mutanenku da ke zaune wurinmu". Mu da muka tashi a biranen Arewa, abin da muka saba gani shi ne 'yan Nijar suna gangarowa cin rani, wani ga-ruwa, wani shayi, wani gadi. A ce yau 'yan Najeriya ne ke ɗaure ƙunshinsu suna neman mafaka a Nijar, abu ne da kunne ke ji a rediyo amma zuciya ba ta cika ɗauka ba. Tun a Jibiya kuwa aka fara nuna mini alama. Mata ne da goyo zaune a inuwar shaguna, ba talla suke ba, ba kuma jiran mota suke ba. Wani fasinja ya ce mutanen ƙauyuka ne, ya tuna mana yadda jama'ar Shimfiɗa suka kwararo garin a 2022 suka cika wata makaranta.

A Magama muka sauka, muka canji kuɗi, muka ƙetara zuwa Ɗan Isa. Harshe bai sauya ba, sai lissafi: naira ta koma dala da jikka, ɗan sanda ya koma jandarma, ɗan acaɓa ya koma ɗan kabu-kabu. Kafin la'asar ta yi sanyi ina zaune a zauren abokin nawa, Alhaji, an dama mini fura.

Wanda ya san tarihin Maradi ba zai yi mamakin ganin baƙi a ƙasar nan ba, domin masu gudu ne suka kafa sarautarta. Da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a bakin gulbin Maradi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri, ɗan taƙi kaɗan daga Maradi. Daga Tsibirin Ɗan Halima ya ɓalle ya je ya kafa Sabon Birni, wanda yau yake cikin jihar Sakkwato. Su ma waɗanda suka kore su ɗin da hijira suka fara, daga Degel zuwa Gudu a 1804. Layin da ya raba mutanen nan ƙasa biyu, Turawan Ingila da na Faransa ne suka kafa masa turaku tsakanin 1906 da 1908. Don haka Bagobirin Sabon Birni da ya gudo ƙasar Tsibiri, takarda ce kawai ke kiransa baƙo. Zanen fuskarsa iri ɗaya ne da na wanda ya buɗe masa ƙofa.

Gudun na wannan karon ya yi ƙarfi ne daga bazarar 2019, lokacin da 'yan bindigar daji suka matsa wa ƙauyukan gabashin Sakkwato da Zamfara da yammacin Katsina. Zuwa watan Satumba na shekarar, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a nan ake kira da harrufanta na Faransanci, HCR, ta ce sama da mutum 40,000 sun ƙetaro. A watan Afrilun 2020 kaɗai wasu 23,000 suka biyo baya. A farkon 2021 lissafin ya kai 77,000 a jihar Maradi, akasarinsu mata da yara. Da farko a ƙauyukan bakin iyaka na yankin Gidan Rumji da Madarunfa suka zube, amma ɓarayin ba su san iyaka ba, suna biyo sawu su saci dabbobi su ɗauki mutane, har 'yan Nijar ɗin ma da yawa suka tashi daga garuruwansu. Shi ya sa hukumomi suka ware garuruwa uku can ciki, Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, aka riƙa kwasar wanda ya yarda ana kai shi. Ba a yi musu sansani mai shinge ba. An sauke su ne a gefen garin da yake akwai tun asali, da nufin famfo da asibiti da makarantar da za a gina su zama na kowa.

Cadakori muka nufa, don Alhaji yana da surukai a can. Bayan Tsibiri hanya ta ratsa gonaki, abin da ya fara ɗaukar idona kuwa itatuwa ne, gawo da kalgo da aduwa tsaye birjik a tsakiyar karan gero. Tun shekarun 1980 manoman yankin suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato in kututture ya yi toho a gona ba a sare shi, sai a rage rassan a bar masu ƙarfi su girma. Kowace bishiya a nan da mai ita. Na riƙe wannan a raina, daga baya kuma ya yi mini amfani wurin gane wata magana.

Sai da muka fara kai gaisuwa wurin manyan gari, kamar yadda ya kamata, sannan aka haɗa mu da wani saurayi ya yi mana jagora. Unguwar baƙin tana gefe, layi-layi. Akwai ragowar ɗakunan roba farare da aka fara kafawa, rana ta cinye su sun yi ruwan ƙasa, akwai ɗakunan ƙasa da aka gina daga baya, kowa kuma ya zagaye nasa da dangar kara. Tamfol mai shuɗin tambari yana ko'ina, wani an rufe ɗaki da shi, wani an shanya kuɓewa a kai, wani an yi wa akuya inuwa. Ƙamshin suyar gyaɗa ne ya ja mu zuwa wata rumfa.

Mata ne suka haɗu suna fitar da mai, 'yan gari da baƙi, in ba a faɗa maka ba ba za ka ware su ba. Wasu na suya a kasko da rairayi, wasu na murzawa suna sheƙe ɓawo a faifai, yarinya ta dawo daga inji da ƙullun a kanta. Wata dattijuwa ce ke riƙe da muciya. Ta zuba ƙullun a turmi, tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ba ta kallon hannunta, hira take. Ƙullun ya fara ƙanƙancewa yana yin duhu, sai ga mai yana tsattsafowa ta gefe, tana kwalfewa da ludayi tana zubawa a roba. Da ta ga ya daina bayarwa sai ta kwashe tunkuzar ta ɗora a kan dutse, ta danne da tafin hannu biyu har jijiyoyin damtsenta suka fito, ragowar man na gangarowa. Wata na gefe tana mulmula ƙuli tana jefawa cikin man da aka fitar yanzu. Na gaishe ta, na ce, "Inna, sannu da aiki. Wannan hannun ba yau ya fara ba." Ta yi dariya ta ce tun tana budurwa take yi a ƙasar Isa, har kasuwar Shinkafi ana kai man ta.

Ban tambaye ta yadda aka yi ta baro gida ba, ita ta kawo zancen. "Da la'asar sunka shigo bisa babura. Sunka kore bisashe, sunka sa ma rumbuna wuta. Mu dai munka hwaɗa daji da ɗiya, ko takalmi ban ɗauko ba." Maigidanta bai fito ba. Na ce Allah ya jiƙansa, matan suka amsa da amin, muciya ba ta tsaya ba. Inda muryarta ta sauya shi ne da ta zo kan gidan da suka fara sauka a wani ƙauye na bakin iyaka. "Ba mu san su ba, ba su san mu ba. Maigidan ya hidda matarshi daga ɗakinta ya ba mu. Hatsin da ya aje na cin damana, shi anka riƙa daka muna hura har ya ƙare. Sannan babu wata mota mai tuta da ta zo."

Duk wanda ya yi zaman karkara ya san nauyin wannan magana. Bazara ce, rumbu ya yi ƙasa, ana ƙirga damman da za su kai iyali sabon hatsi. Mutumin da ya buɗe rumbunsa a irin wannan lokaci ya san sarai cewa 'ya'yansa za su kwana da yunwa a watan Agusta. Babu jaridar da ta ɗauki hotonsa, ba kuma a rubuta sunansa a cikin masu ba da agaji ba, alhali shi ne ya fara bayarwa, kuma in aka auna da abin da ya mallaka babu wata ƙasa mai arziki da ta ba da kwatankwacin nasa.

Da zan tashi Inna ta ce wani abu da ya sa na mayar da ɗan littafina aljihu. "Kowa ya zo sai mu hwaɗi yadda anka kashe muna mutane, shi rubuta, shi tahi. Kai dai sayi mai." Na saya. Ina ganin duk mai zuwa irin wurin nan da kyamara ya kamata ya ji wannan. Akwai tausayin da ba ya ƙoshi sai ya ga hawaye, mai irinsa yakan sa mace ta tone ciwonta ta shimfiɗa masa, ya koma gida yana jin ya yi abin kirki. Matar nan mai sana'a ce da ke neman mai saye, kuma da haka ta fi so a san ta.

Mazan suna ƙarƙashin wata bedi kusa da masallaci. Wanda ya fi jan hira da ni wani magidanci ne daga ƙasar Sabon Birni, mai faɗin kafaɗa, irin mutanen da ko ba a faɗa ba ka san garma ta gina su. Shi bai gudo a tashin farko ba, ya daure. Ya ce an aza wa garinsu kuɗin noma suka biya, aka aza na girbi suka biya, aka ɗauke ƙanensa suka sayar da shanun huɗa suka fanso shi. Ya tuna ranar da aka kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a ƙarshen Mayun 2020, da motar matafiya da aka ƙone da mutane a ciki a Disamban 2021. Lokacin da gwamnati ta katse layukan waya a 2021, sai sun matso bakin iyaka su kamo sabis ɗin Nijar kafin su san wa ke raye. Da ya ga ba abin da ya rage a sayar, ya kwaso iyali. Labarin kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu garkuwa a watan Agustan 2024, a nan ya same shi. Ya ce tun ranar ya daina yi wa matansa alkawarin komawa bana.

An ɗauki hoton yatsunsa da ƙwayar idonsa, an ba shi takarda, da ita yake karɓar abin da ake rabawa in an zo rabo. Bai raina ba. Amma ya ce, "Malam, ni da nika hidda zakka da amalanke, yau ni ab bisa layi. Ba abinci nika roƙo ba. A ba ni inda za ni sa kalme." Wani tsoho ɗan gari da ke zaune tare da su shi ne ya ara masa ɗan yanki a gonarsa. Na ce, "Baba, kai ma ga iyali, yaya aka yi ka raba?" Ya ce shekarar yunwar 1984, wadda suke kira El Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar da aka yi a lokacin, ta daji suka bi da mahaifinsa zuwa ƙasar Gobir ta kudu, can suka ci suka rayu. "Bashi na," in ji shi.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman duk zuma ne. Jihar Maradi na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan 3, gonaki kuma gado ya yayyanka su. Mayafi ne guda gajere, in an ja an rufe kai sai ƙafa ta fito. Matar da ta fita neman itacen girki ta sari reshen gawo a gonar wani, ita a ganinta daji ne, shi kuwa shekara goma yana renon itacen. Ɗan gari da ambaliyar damanar 2024 ta rushe wa ɗaki, yana kallo a kira sunan maƙwabcinsa baƙo a ba shi buhu shi a tsallake shi, dole ransa ya sosu ko bai faɗa ba. Saurayin da ke mana jagora ya faɗa mini a fili cewa abin da ya sanyaya zukata shi ne famfo da likita da azuzuwan da aka ƙara, waɗanda kowa ke mora. A makarantar na leƙa ta taga na ji yaran Sakkwato da Zamfara suna bin mushe, wato malaminsu, da ƙirgan Faransanci. Wasunsu a nan aka haife su, Najeriya labari ce a wurinsu. Akwai kuma dubban da suka ƙi yarda a matso da su ciki, suka zauna a bakin iyaka cikin haɗari, don kawai su riƙa satar jiki suna leƙa gonakinsu.

Abin da na gani a Cadakori shi ne hoton al'amarin a duniya, sai dai ba haka ake nuna mana shi ba. In aka ce 'yan gudun hijira, abin da talabijin ke kawowa kwalekwale ne a tekun Bahar Rum da 'yan siyasar Turai suna kukan an cika musu ƙasa. Alƙaluman HCR na ƙarshen 2024 sun ce mutum miliyan 123 ne aka raba da gidajensu, mafi yawansu ma ba su fita ƙasarsu ba. Cikin waɗanda suka fita, kusan biyu bisa uku suna ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu, kusan uku bisa huɗu kuma ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ne ke ɗauke da su. Bangaladash ce ke riƙe da Rohingya kusan miliyan guda tun bayan korar 2017. Yuganda na yanka wa baƙinta filin noma. Cadi, wadda ita ma da kyar take ciyar da kanta, ta karɓi dubban ɗaruruwan mutanen Darfur ta garin Adare tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023. A Sudan ɗin akwai danginmu, jikokin mahajjata da na waɗanda suka bi Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma tun rikicin jihar Bulunayil na 2022 dubbansu suka rasa matsuguni. Dokar 'yan gudun hijira ma Afirka ce ta faɗaɗa ta. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta fi duba mutumin da ake farauta saboda addininsa ko ƙabilarsa ko ra'ayinsa, sai ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta shigar da duk wanda rugujewar zaman lafiya ta kora. Da irin wannan fahimta Nijar ta karɓi mutanenmu a jimlace, ba sai kowa ya kawo hujjar kansa ba.

A hanyar dawowa wani abu ya riƙa ci mini rai, kuma har yanzu bai daina ba. Magidancin nan na ƙasar Sabon Birni yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda da suka bar garinsu shi kudu ya nufa. Ƙanen da ya ƙetara iyaka yana da takarda, yana cikin lissafi, 'ya'yansa na aji. Wan yana cikin birnin Sakkwato a wani kango marar ƙofa, matansa na bara a bakin titi, mai kangon na iya korarsu gobe. A ƙasarsa yake, amma ba ya cikin littafin kowa. Shekara da shekaru tsarin agajin gaggawa na Najeriya Borno da Yobe da Adamawa ya fi sani, gwamnatocin Arewa maso Yamma kuma ba sa son a ji kalmar sansani, kamar in ba a buɗe shi ba matsalar ba ta faru ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta ɗora wa kowace gwamnati nauyin waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarta. Abin kunya ne a ce ɗan ƙasa ya fi samun kulawa in ya bar ta.

Na wajen ma tallafin nasu raguwa yake. A 2025 Amurka ta zabge kuɗin agajin da take bayarwa, wasu ƙasashen Turai ma suka rage, har HCR ta sanar da soke guraben aiki kusan 3,500. In motoci masu tuta suka daina zuwa, nauyin zai koma inda ya faro, kan mai rumbu ɗaya da tsohon da ya raba gonarsa.

Don haka kirana ga masu fitar da zakka da ƙungiyoyin masallatai da attajiran Kano da Katsina da Sakkwato da Maradi: in za a kai taimako, a haɗa da masu masauki, kuma a kai abin da ke haihuwa, iri kafin ruwa ya sauka, kuɗin hayar gona, injin niƙa, jarin gyaɗa. Gwamnonin Sakkwato da Zamfara da Katsina su ƙirga mutanensu da ke kwana a kangaye da tashoshi, su ba su shaida, su sa 'ya'yansu makaranta. Kai kuma mai karatu, ba sai ka yanki tikitin Maradi ba. In akwai kango a unguwarku da baƙi ke kwana a ciki, ka yi sallama, ka tambayi sunan garinsu da sana'ar da suka iya, in kana da aiki ka ba su.